Shayarwa za ta hana ni ɗaukar ciki?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara, yarona wata huɗu, nono zalla nake ba shi kuma ban ga al'ada ba tunda na haihu, ƙawata ta ce in na yi allura ko na sa ashana nonona zai ƙafe, ni kuma wallahi tsoron kwanika nake, ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya raya. Eh shayarwa tana hana ciki, har kusan kashi 98 cikin 100, amma fa sai abu uku sun haɗu, yaro bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, sannan nono kaɗai yake sha dare da rana, ba wai ya kwana har asuba bai tsotsa ba ko kina ɗura masa ruwa da cokali. Da ɗaya ya faɗi kariyar ta tafi, kuma abin da ke damuna mace tana iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga jinin farko.

Maganar ƙawarki kuwa, ƙwayar hana ɗaukar ciki da ke da sinadarin istirojin ita ce ke iya rage nono, shi ya sa ake jinkirta ta har yaro ya kai wata 6. Ashanar hannu, allurar wata uku da robar mahaifa ba sa ƙafar da nono, allurar ma tun sati 6 da haihuwa ake farawa. Kar ki jira sai watan shidan ya cika, ki je asibiti yanzu ke da maigida, ki gaya musu kina shayarwa su duba wacce ta dace da jikinki.