Na sayi tsohuwar kujerar aski mai sunan Koken: in gyara ko in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon aski a Kaduna. Kwanakin baya na ci karo da wata tsohuwar kujerar aski a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, na saye ta a kuɗin ƙarfe. Nauyi gare ta ƙwarai, sai da muka taru muka ɗora ta a mota. Gindinta farin tangaran ne, ya ɗan ɓantare a gefe, a wurin ɗora ƙafa kuma an rubuta Koken, St. Louis. Tana kwantawa baya, tana juyawa, amma ba ta tashi sama, fatar ma ta yayyage. Mai walda ya ce in kawo ya kankare ta, ya fesa mata fenti, ya sa mata jak na zamani. Wani abokina kuma ya ce kada in taɓa ta, Turawa na sayen irinta da tsada. Mene ne asalin wannan kujera, kuma shawarar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a. Kafin komai, ka dakatar da mai walda. Abin da yake shirin yi mata shi ne abu ɗaya da ba ya gyaruwa in an yi shi. Abokinka kuma ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Bari in ba ka tarihin, daga nan za ka ga dalili da idonka.

Mu nan wanzami bai taɓa buƙatar kujera ta musamman ba. Tabarma da inuwa sun wadatar, ya buɗe zabira, ka zauna ka miƙa masa kai. Irin kujerar da ke hannunka a Amurka aka haife ta, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma gemu ne ya jawo ta. A wancan zamani babban aikin shagon aski ba saisaye ba ne, aske fuska ne da aska tsirara, har mutum yakan je sau biyu ko uku a mako. Ba yadda za a yi ka bi ƙarƙashin haɓa da maƙogwaro da kaifin aska alhali mutum na zaune a miƙe. Dole ya kishingiɗa, ƙeyarsa ta sami madogara, ƙafarsa ta sami wurin hutawa. Shi ma mai askin da zai wuni a tsaye yana son kan da yake aiki a kai ya zo daidai hannunsa, ko yaro ne a zaune ko dogon mutum. Duk wani ƙarfe da kake gani a jikin kujerar nan, ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli aka yi shi ya warware.

A shekarar 1878 kamfanin Archer ya yi rajistar kujera mai kwantawa baya tare da wurin ɗora ƙafa. Eugene Berninghaus na birnin Cincinnati ya fito da wadda ya kira Paragon, mai kwantawa kuma mai juyawa, ta yadda kujera ce za ta kawo wa mai aski gefen da yake so, ya huta da zagaye. A Chicago akwai Theo A. Kochs, kamfanin da aka kafa tun 1871, daga baya kuma Emil J. Paidar ya taso a garin. Sai mai sunan da ke jikin taka, Ernest Koken, haifaffen Jamus da ya girma a St. Louis ta jihar Missouri. Da kofunan tangaran na kumfar aski ya fara, waɗanda ake rubuta wa sunan mai su a ajiye a shago, kafin ya shiga ƙera kujeru. Abin da ya ɗaga sunansa shi ne kujera mai tashi da ƙarfin mai, wadda ta zo a ƙarshen ƙarni na 19, da liba guda ɗaya a gefe da ke yin aiki duka: da ita za ka ɗaga, da ita za ka sauke, da ita za ka saki kujera ta juya ko ka kulle ta. Kafin nan sai an murɗa kujera a kan zare irin na noti ko an sunkuya an ja wani abu. Koken ya rasu a 1907, ɗansa Walter ya ci gaba da kamfanin.

Yanzu ga yadda za ka kimanta shekarunta. Kujerun farko na katako ne mai sassaƙa, wasu na mahogani, ɗan'uwan maɗacin nan namu, an lulluɓe su da karan-miski. Suna da kyan gani, amma karan-miski na riƙe gashi da man kai da ƙura, katako kuma na shan ruwa. Da ilmin ƙwayoyin cuta ya yaɗu, hukumomi suka sa wa shagunan aski ido saboda cututtukan fata da ake ɗauka a can. Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokar lasisin masu aski a 1897, sauran jihohi suka biyo baya da dokokin tsafta. Shi ya sa daga farkon ƙarni na 20 masu ƙera kujeru suka koma zubabben ƙarfe mai rufin farin tangaran da mazaunin fata, abin da za a goge da tsumma ya fita tas, mai shigowa kuma ya ga tsafta da idonsa. Farin gindin da ka ambata daga wannan zamani ya samo asali, kuma an daɗe ana yin sa har zuwa tsakiyar ƙarnin.

Don ka ƙara matsowa kusa, duba ƙarafan da ke ƙyalli. Ka goge wani ɗan wuri ka fitar da kujerar hasken rana. Idan ƙyallin na da ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa, rufin nikel ne, wanda aka fi amfani da shi kafin wajen 1930. Idan fari ne fat mai ɗaukar shuɗi-shuɗi, kurom ne, ita kuma ta bayan nan ce. Siffa ma tana magana: masu zagayayyen mazauni da zagayayyen majingini da zanen furanni a ƙarfe, irin samfurin Koken da ake kira Congress, sun girmi masu kusurwa da miƙaƙƙun layuka. Ka kuma leƙa ƙarƙashin mazauni da jikin ƙarafan ciki, akan sami lambobi. Sai dai ka kula da abu biyu. Idan ka ga shekara an zuba ta a jikin ƙarfe tare da kalmar rajista, shekarar da aka yi wa fasahar rajista ce, kujerar na iya zama an ƙera ta shekaru da yawa bayan nan. Na biyu, sunan Koken kaɗai ba ya nuna tsufa, ga dalili.

Sana'ar aski a Amurka ta sha bugu sau biyu. Na farko rezar Gillette, wadda ta shiga kasuwa a 1903, aka kuma raba wa sojojin Amurka miliyoyinta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka dawo gida sun iya aske fuskarsu da kansu. Na biyu yayin tara suma a shekarun 1960, lokacin da shaguna da yawa suka rufe. Gab da wannan lokaci ne kamfanin Takara na Osaka a Japan, wanda aka kafa a 1921, ya shigo kasuwar Amurka a shekarun 1950 da kujeru masu inganci a farashi mai sauƙi. Masu ƙera na gida sun kai kuka wurin gwamnati a ƙara wa na Japan haraji, bai hana komai ba. A 1969 wannan kamfani, da ake kira Takara Belmont, ya saye Koken, ya ci gaba da sa sunan a wasu kujerunsa. To akwai Koken ta 1910, akwai ta 1950, akwai ta bayan sayen. Kuma yau ana ƙera sababbi masu kama da na da, da gwangwanin alminiyam da roba. Ka manna maganaɗisu a gindi da firam: zubabben ƙarfe zai kama shi, alminiyam ba zai kama ba. Daga nauyin da ka kwatanta, taka ta gaske ce, domin irinta takan wuce kilo 100.

Mu dawo kan mai walda. Farin nan ba fenti ba ne. Gilashi ne aka narka a kan ƙarfe a tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 800, shi ya sa ya shekara kusan ɗari ko fiye yana nan da haskensa. Injin kankare ƙarfe zai cinye shi cikin minti kaɗan, wutar walda a kusa da shi kuma za ta farfasa shi, ba kuwa fentin da zai maye gurbinsa. Fentin mota a gindin kujerar aski, inda takalma ke duka kullum, ba ya daɗewa yake saɓulewa. Wurin da ya ɓantare ka bar shi, ka cire tsatsar da hannu a hankali, ka ɗiga ɗan farin fenti a ramin kawai don kada ruwa ya shiga. Sauran jikin, sabulu da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun isa. Kada soson ƙarfe ya taɓa shi.

Batun rashin tashi sama shi ne ma mafi sauƙi. Aikin cikin gindin irin na jak ɗin mota ne: liba na tura mai ƙarƙashin sanda, sanda ta ɗaga kujera. Yawancin waɗanda suka daina tashi, ko dai man ya zube lokacin da aka kwantar da su a mota, ko ya tsufa ya daskare ya toshe 'yan hanyoyin da yake bi. A cire mazauni, a ga bakin wurin man, a kwashe tsohon, a wanke da kananzir har sai ya fito garau, a zuba man haidirolik mai tsabta marar kauri. Ban da man birki, ban da baƙin man da aka juye daga inji. Mai gyaran jak ko makanikin da ya saba da haidirolik na tarakta zai fi mai walda sanin kanta. Ka tsaya a kansa, ka ɗauki hoton kowane mataki kafin a kwance, ka zuba notuna da kusoshi a gwangwani ɗaya. Zarensu na awon inci ne irin na Amurka, wanda ya ɓace samun madadinsa a kasuwa sai an sha yawo, kuma in aka tursasa na awon milimita a ramin, zaren ya lalace. Noti ya cije, a jiƙa shi da mai a ba shi kwana biyu. Zubabben ƙarfe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, guduma ba abokiyar aikinsa ba ce. Ni a ganina cire jak ɗinta na asali a sa na zamani hasara ce biyu: ka raba ta da abin da ya sa ake kiranta Koken, ka kuma ɗora nauyin zubabben ƙarfe, ga na mutum a kai, a kan fanfon da aka yi don kujera marar nauyi.

Fata kuwa ka canja ta, ba laifi ko kaɗan, masu tara kujerun ma haka suke yi. Ka ce wa mai kushin ya ɓare tsohuwar a hankali ya yanka sabuwa a kan awonta, ya bar sifirin ɗin ciki in suna da rai, kada ya cusa soso kawai. Fatar kirki ba ta yi mana wuya a Arewa ba, ka sa ta gaske.

Saura maganar abokinka. Gaskiya ne akwai masu tara su. A garin Canal Winchester na jihar Ohio har gidan tarihi na sana'ar aski ake da shi, cike da irin waɗannan kujeru, kuma shagunan aski na zamani a Amurka da Turai na neman su don ƙawata wuri. Wadda aka gyara tsaf takan kai dubban daloli. Amma wadda ba a gyara ba, ta samfurin da aka ƙera da yawa, sau da yawa 'yan ɗaruruwa ce, bambancin kuwa kuɗin gyara ne ke cinye shi, musamman sake rufin nikel ko kurom. Masu tsada sosai su ne na katako na ƙarni na 19 da samfuran da ba su da yawa. Abin da mai saye ke fara dubawa shi ne cikar kaya: matashin kai na asali, matakin ƙafa mai suna, liba, ƙugiyar rataye fatar wasa aska, sandar tawul. Matashin kai shi ya fi ɓacewa saboda zare shi ake yi, kuma shi kaɗai kuɗi ne. Ba ka ambace shi ba. In babu shi, ka koma inda ka saya ka bincika tarin tun ba a kai shi narkarwa ba.

Ka haɗa wannan da kuɗin ɗaukar kaya mai wannan nauyi daga Kaduna zuwa ƙetare, a cikin akwatin katako don kada tangaran ya fashe, za ka ga ribar da abokinka ke hange ta ragu ƙwarai. Can ma kujerun suna da yawa, mai saye ba shi da dalilin aikowa har nan. Shawarata ka gyara ta ka sa ta aiki. An ƙera ta ne don mai aski ya wuni a kanta shekara da shekaru, kuma wurin gyaran gemu da gyaran fuska za ka ji bambancinta da kujerun kasuwa tun ranar farko, domin ba ta girgiɗi kuma ba ta rinjaya in mai jiki ya kwanta. Kafin ka zaunar da kowa, ka gwada makullin kwanciya da na juyawa da nauyinka, ka tabbata suna riƙewa, ka kuma ajiye ta a daɓe mai daidaito.

In kuma wata rana ka ga dole sai ka sayar, ka nemi mai saye a cikin gida, irin masu manyan shagunan aski da otal-otal a Abuja ko Legas. Ka sayar da ita a haɗe, kada ka yarda a zare matakin ƙafa ko matashin kai a saya daban, ka kuma nuna hotunan da ka ɗauka kafin gyara da lambobin da ke jikinta.