Amsa: Me Ya Sa Jami'o'i Ƙalilan Suka Mamaye Kokawa a Amurka

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi dalilin da ya sa jami'o'i ƙalilan ne suke ta ɗaukar kofin kokawa na ƙasa a Amurka, alhali hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta daɗe tana ƙayyade wa kowa tallafin karatu iri ɗaya, ka kuma ce ɗanka ya kusa kammala sakandare, kana son sanin abin da za ku duba wajen zaɓen makaranta. Na jima ina bin wannan wasa tun da yarona ya shige shi a nan Amurka, kuma abin da na fahimta shi ne bambancin yana cikin wani kuɗi ne da ba ya bi ta asusun jami'a.

Tsohuwar dokar ta ba kowace jami'a ta rukunin farko, wato manyan jami'o'in gasar, damar raba tallafin da bai wuce cikakken kuɗin karatun ɗalibi 9.9 ba, ga shi kuwa ajin nauyi goma ne ake karawa a cikinsu. Koci yakan gutsuttsura wannan tallafi ne ya raba wa yara kusan talatin, wani ya sami rabi, wani rubu'i, wani kuma ya biya wa kansa komai. Ta wannan fuska babu wanda ya fi wani da yawa.

Inda aka yi nisa shi ne cibiyoyin horo na yanki da ake kira RTC, waɗanda hukumar kokawa ta ƙasa, USA Wrestling, take amincewa da su. Kowace cibiya ƙungiya ce mai zaman kanta da ke rayuwa da gudummawar attajirai da tsofaffin ɗalibai, kuma a takarda aikinta shi ne shirya 'yan kokawa domin gasar duniya da ta Olamfik, wadda salonta ya bambanta da na jami'a. Sai dai galibinsu a ɗakin atisayen jami'ar suke zaune, a kan katifa ɗaya da ɗalibai. Cibiyar tana biyan alawus ga gwanayen da suka gama karatu domin su zauna a garin su ci gaba da shiri, tana ɗaukar ƙarin masu horarwa, tana biyan kuɗin tafiya gasa, sannan ɗaliban da suka cika sharuɗɗa suna shiga atisaye tare da su har a watannin da kakar jami'a, wadda ke gudana daga Nuwamba zuwa Maris, ta ƙare.

Na taɓa zama a gefe ina kallon irin wannan atisaye, a wani ɗaki mai zafi da ake jin warin zufa tun daga bakin ƙofa. Wani yaro ɗan shekarar farko ya yi ta kai hari ƙafar wani ƙato da ya riga ya wakilci ƙasarsa, shi kuwa yana danne masa ƙeya yana zamewa ba tare da ya nuna ya sha wuya ba. Can sai ya tsayar da yaron, ya kama gwiwar hannunsa ya matso da ita jikin haƙarƙarinsa, ya ɗaga masa haɓa, ya ce ya sake. Wannan gyara na minti ɗaya ba a samunsa a bidiyo, kuma koci guda ba zai iya yi wa mutum talatin shi kullum ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a ganina wannan zaman shi ne ainihin abin da kuɗin cibiyoyin yake saye.

Dubi jami'ar Penn State. Cael Sanderson, wanda ya yi karawa 159 a jami'ar Iowa State ba a yi nasara a kansa ko sau ɗaya ba, ya kuma ci zinare a Olamfik na 2004, ya koma can a matsayin koci a 2009. Daga 2011 zuwa 2025 sun ɗauki kofin ƙasa sau 12 cikin gasa 14 da aka yi, domin annobar korona ta hana ta 2020. Gwanintar Sanderson ba abar musu ba ce, amma a gefensa akwai cibiyar Nittany Lion Wrestling Club, inda David Taylor ya shirya har ya ci zinare a Olamfik na Tokyo, inda Kyle Snyder mai zinaren Olamfik na 2016 ya koma a 2019, Thomas Gilman kuma ya baro Iowa ya bi sahu a 2020. Da aka zo zaɓen tawagar Amurka ta Olamfik na 2024, Aaron Brooks, wanda bai daɗe da gama kakarsa ta ƙarshe a Penn State ba, shi ne ya fitar da Taylor, abokin atisayensa, ya je Paris ya ciyo tagulla.

Tsarin ba sabo ba ne. Tun 1973 aka kafa cibiyar Hawkeye Wrestling Club a jami'ar Iowa da tallafin attajiri Roy Carver, kuma a kan wannan tushe kocinsu Dan Gable ya ɗauki kofin ƙasa sau 15, tara daga ciki a jere daga 1978 zuwa 1986. Haka nan da jami'ar Oklahoma State ta ɗauki Taylor koci a 2024, goyon bayan attajiri Chad Richison, mai kamfanin Paycom, yana cikin abin da ya ba shirin ƙarfi.

Abin da ke damuna shi ne halin ƙananan makarantu. Boise State ta soke kokawa a 2017, Old Dominion a 2020. Stanford ma ta sanar da sokewa a 2020, sai da tsofaffin ɗalibai suka tashi tsaye suka tara kuɗi, ɗan kokawarta Shane Griffith kuma ya ci kofin ƙasa a 2021 sanye da baƙar riga marar tambarin makarantar, kafin jami'ar ta janye. Tun 2021 an halatta wa ɗalibi karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, sauya makaranta kuma ya yi sauƙi, saboda haka ƙaramar jami'a takan raini yaro shekara biyu, da ya yi suna sai mai kuɗi ta ɗauke shi. Sasancin da kotu ta amince da shi a 2025 tsakanin NCAA da ɗaliban da suka kai ta ƙara ya cire iyakar 9.9 ga makarantun da suka shiga tsarin, ya maye ta da iyakar 'yan wasa 30, wanda ke nufin mai hali zai iya biya wa dukkansu karatu, marar hali kuma ya tsaya inda yake.

Idan kun je ziyarar makaranta, Malam, kada kyan gini ya ɗauke muku hankali. Ka tambayi koci su wane ne 'yan cibiyar da ke kusa da nauyin ɗanka, sau nawa suke shiga ɗaki a mako, kuma gudummawar daga mutane da yawa take fitowa ko daga aljihun mutum ɗaya wanda zai iya janyewa. Ka nemi a rubuta adadin tallafin da shekarun da zai ɗauka. Ka kuma auna ko yaron zai sami damar fita fage, domin a manyan wuraren akwai gwanayen da suke gama karatu ba su taɓa zama na ɗaya a ajin nauyinsu a ƙungiyar ba, alhali a matsakaiciyar makaranta mai cibiya ko da ƙarama ce, da sun yi shekara huɗu suna karawa.