Auna barazanar sauyin yanayi ga kamun kifi: daga teku zuwa Yauri da Argungu

Malam, ka yi tambaya ko hanyar da ake auna barazanar sauyin yanayi ga masuntan teku za ta yi aiki a Yauri da Argungu. Za ta yi, amma sai an yi mata kwaskwarima. A teku idan ruwa ya ɗumama kifi yakan yi ƙaura, kamar yadda kifin sardin na gaɓar Sanagal ke matsawa arewa wajen Muritaniya. Namu wurin gudunsa kaɗan ne: madatsar Kainji ta tare kogin Neja ta ƙasan Yauri tun 1968, madatsun Bakolori da Goronyo sun tare gulaben da ke saman Argungu.

Don haka kafin ka auna zafin ruwa, fara da cikowar ruwa. Yawancin kifinmu sai ruwa ya malala fadama yake zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙwari cikin ciyawa. Kafa sanda mai alamar santimita a bakin gulbi, wani ya riƙa rubuta tsayin ruwa kowace safiya. Abin nema shi ne kwana nawa fadama ta yi a cike, domin ambaliyar da ta zo da ƙarfi ta janye cikin mako biyu tana barin ƙananan kifi a kududdufai, tsuntsaye su cinye. A Yauri kuma cikowa biyu ce: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa mai tasowa daga Gini, wanda ke isowa wajen Disamba. Kowanne da shafinsa, kada ka gwamutsa su.

Zafi ta iskar shaƙa yake kisa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5. Da asuba ake aunawa, lokacin ta fi ƙaranci. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska a sama, ba su cika damuwa ba. Giwan ruwa na cikin masu fara jigata.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙirga kwandunan kasuwa. Kifi na iya raguwa a ruwa alhali kasuwa cike take, saboda jirage sun ƙaru. Zaɓi jirage goma, ta hannun Sarkin Ruwa (in ba haka ba, ba mai gaya maka gaskiya, za a ɗauka haraji ne), ka riƙa auna kilo nawa kowanne ya kawo a kwana ɗaya, da wane kaya, kalli (ragar da kifi ke maƙalewa a ciki) ko birgi (ragar jefawa) ko mamari (igiya mai jerin ƙugiyoyi), da tsawon kifin. In an koma taru mai ido kamar gidan sauro, ko an canza lokacin sakin ruwa daga madatsa, kada a ɗora wa yanayi laifin.

Sannan ka tambayi kowane gida: in su ya ƙi, me za a ci? Mai gonar shinkafa da jirgin kansa daban yake da wanda ya karɓi koma bashi a hannun dillali.