Ƙanina mai taɓin hankali yana hannun 'yan sanda, ina mafita?

TAMBAYA: Likita, ƙanina ya daɗe yana shan maganin taɓin hankali. Ya daina sha, ciwon ya tashi, har ya farfasa gilashin motar maƙwabcinmu. Yanzu yana tsare a caji ofis, ba barci, sai surutai. Me za mu yi?

AMSA: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kada ku bari a kwana. Ku ɗauki katin asibitinsa da kwalayen maganinsa, ku nemi ganin DPO da kansa, don wanda ke kanta ba shi da ta cewa.

Abin da nake tsoro shi ne daren farko. Ku roƙa a karɓe bel ɗin ƙugunsa da zariyar wandonsa don kada ya cutar da kansa da su, kuma a ajiye shi inda ido ke kansa. Idan ya fara buge-buge, mutum ɗaya ya yi masa magana a hankali daga ɗan nesa, ya kira sunansa. Taron mutane da tsawa ƙara tunzura shi suke yi. Kada a kifar da shi rub da ciki a ɗaure hannuwansa ta baya a danne shi, domin haka numfashi ke ɗaukewa, cikin 'yan mintuna an yi asarar rai. In kuwa kun ga zazzaɓi, ko jijjiga, ko rauni a ka, ko ya kasa gane ku, to maganar beli ta jira, asibiti za a nufa. Yana taɓa tiramol ko kodin? Ku faɗa wa likita gaskiya, ɓoyewa ba ta da amfani.

Doka tana bayanku. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. A Janairun 2023 kuma Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sai dai takarda daban, aiki daban. Shi ya sa na fi son ku ja mai unguwa ku je wa maƙwabcin, ku biya gilashin, ya janye ƙara. Da zarar alƙali ya tura shi gidan gyaran hali, fitowa ta yi wuya. Akwai masu irin larurarsa da suka shafe shekaru a can suna jiran shari'a, ga cunkoso, ga ƙarancin likitoci.

In har an kai kotu, lauya ya roƙi a tura shi likita ya duba ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Legal Aid tana ba marasa hali lauya kyauta.

Ranar da aka sake shi, ku wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko Barnawa, ko Dawanau, ko na Maiduguri, duk wanda ya fi kusa. Tunda yana gudun ƙwayar maganinsa, ku tambayi likitansa ko allurar wata-wata za ta dace da shi.