Amsa: Rage ma'aikata ko ƙara kuɗin makaranta?

Malam, ka ce an saka ka a majalisar gudanarwar kwalejin noma ta jiharku, albashi na cinye kusan duk kason da gwamnati ke turowa, kana tambayar inda za a fara yanka.

Ni dai a ganina kada ku fara da leburorin gona. Su ne aka fi saurin sallama tunda ba su da mai magana, amma in damina ta sauka babu mai shuka, babu mai kula da shanu, ɗalibai sai su koma koyon noma a kan allo.

Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin zirga-zirga ya ninka, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Kuma dokar TETFund (asusun gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu) ta 2011 ta bar kwalejojin noma a waje, don haka kada ku jira tallafi daga can.

Ku fara da tantance ma'aikata, ido da ido. Na bogi za su fito. Sannan a ware wa gonar kaji da ta iri asusu nasu, abin da aka sayar ya koma sayen abinci da taki. Alawus ɗin zaman majalisa ma, ku yi haƙuri, a taɓa shi kafin a taɓa aljihun iyaye.