Kai da karenka da mutanen layinku

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, na bar shi ya kwana uku, don da na amsa a ranar, da dariya kawai za ka samu. Ka ce tun da ɓarayi suka haura muku katanga a Fadaman Mada suka ɗauke janareto da babur, ka sayi ɗan kwikwiyo irin na 'yan sanda, yanzu watansa takwas, kullum da safe kana sa masa igiya kuna zaga unguwa. Wani dattijo ya tare ka a ƙofar masallaci ya ce wannan ba aikin Bahaushe ba ne, na Nasara ne. Mahaifiyarka kuma ta rantse ba za ta ƙara shan ruwan gidanka ba. Kana tambayata wai da gaske ne mu ba mu san kare ba.

Garin nan da kake zaune a cikinsa, sunan maharbi ya ci. Kowane yaron Bauchi ya ji labarin Baushe, wanda ya nuna wa Malam Yakubu inda zai kafa birni a yammacin dutsen Warinje, wajajen 1809. Ƙasar da maharbi ya ba ta suna ba za a ce baƙuwar kare ba ce. Ka kuma saurari bakinmu. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ba a kiwon kare ranar farauta. Wane ya ci karensa ba babbaka. Har yaron da ke bin direba muka kira shi karen mota. Mutane ba sa cika harshensu da dabbar da ba su zauna da ita ba.

Kakanka, Allah ya ji ƙansa, yana da wani baƙin kare a ƙauyenmu na hanyar Dass, Duna. Mahaifiyarka ba za ta tuna shi ba, tana goye a lokacin. Idan masara ta fara goyo birai suka sauko daga duwatsu, Duna ne ke kwana a gona tare da mu a kan dakalin tsaro. Da safe in Baba ya saɓa fartanya, ba ya kiransa, shi ma ba ya jira a kira shi. Yana gaba, ya ɗan tsaya ya waiwaya, ya kutsa cikin ciyawa ya fito da raɓa a jikinsa. Makwancinsa gindin rumbu, kaskonsa wata fasasshiyar tukunya ce a bayan ɗakin girki. Kakarka ba ta taɓa kiransa da komai ba sai ɗan banza, amma ba ta taɓa wanke tukunyar tuwo ba ta jiƙa masa ƙanzo ba. Shekara tara ya yi a gidan, ƙafarsa ba ta taɓa taka ɗakin kowa ba, kuma ban ga ranar da aka koya masa hakan ba. Ranar da maciji ya sare shi, Baba da kansa ya haƙa rami a gindin ɗorawa ya binne shi, bai bari mu yara mu ja shi zuwa juji ba. Ranar bai fita hira ba.

Sai kuma rani, in an gama kaka aka buga gangar farauta. Maza su fito da gora da barandami, karnuka da layu a wuya, a yini ana bin zomo da gafiya da gada. Rigimar da ta fi kowace zafi a dawa ita ce ta karen wa ya fara kamawa, har akan fasa kai a kanta. Mafarauci zai kwana da yunwa bai bar karensa da yunwa ba.

To ka ga, yawo da kare ba sabon abu ba ne. Duna yana yin tafiyar da ta ninka taka sau biyar a kullum. Abin da ya bambanta, shi aiki ne ke fitar da shi, kuma mutum ne yake bi. Abin da idon dattijon nan bai saba gani ba shi ne magidanci da gemunsa, ba gona zai je ba, ba dawa ba, kare yana jansa a titi.

Amma ka duba gidan da kuka gina. Katanga ta fi mutum biyu tsawo, waya mai ƙaya a samanta, ƙofar ƙarfe, tsakar gida duk siminti. A ciki ka ajiye dabbar da asalinta a Jamus aka fitar da irinta don kiwon tumaki, ta yini tana gudu a fili. Na sha gani a gidajen manya a GRA: kare a keji ko a ɗaure da sarƙa tun asuba har dare, yana kwance cikin fitsarinsa, sai sha ɗayan dare a sake shi. Irin wannan shi ke yini yana haushi, shi ke fizge sarƙa wata rana ya yaga yaron maƙwabta, ko ɗan maigidan da kansa. Mu da muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, bai kamata a koya mana wannan ba. Tunda ka kawo shi ka kulle, fitar da shi ya zama hakki a wuyanka. A nan ina bayanka, ko da dattijon masallaci zai ji haushina.

Su ma Turawan da ake zaginka da su, ba shashanci ne ya fara fitar da su ba. Da yawansu a benaye suke, babu tsakar gida, dole a fita da kare safe da yamma ya yi bayan gida. A Ingila in ya yi kashi a hanya ba ka kwashe ba, tara za a ci ka. Inda na rabu da su shi ne kwana gado ɗaya da kare, da barinsa ya lashi bakin mutum, da ɗinka masa riga. Wannan kam kada in ji, kada in gani.

Batun addini, ka daina musu da mutane a bakin titi, amma ka san inda kake tsaye. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kowace rana, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Wannan shi ya sa Duna bai taɓa tsallake dokin ƙofa ba. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, ta faɗi haka ƙarara: ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don shuka, ko dabbobin da zai raka daji ya dawo da su, ko farautar neman abinci ba ta nishaɗi ba. Sai dai masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa maganar Imamu Malik ta ƙin ajiye kare a gida, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu, da zaki zai ajiye. Malaminmu in ya zo nan sai ya yi murmushi ya gyara rawani. A kan haka malamai da dama suka shigar da gadin gida cikin abin da aka yi rangwame. Kai kuwa ba sha'awa ce ta sa ka saya ba, ɓarawo ne.

Najasa kuma, a mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. In kare ya sa baki a ƙwaryar ruwa, a zubar, a wanke sau bakwai saboda bin umarni. Shafi'awa ne suka tsananta, suka ce najasa ce mai nauyi, ɗaya daga cikin wankin da ƙasa. Don haka in ya goge ka da jikinsa sallarka ba ta ɓaci ba. Duk da haka ka ware kayan da kake fita da shi, kada ka shiga sahu da gashin kare a wando. Mutumin da ke kusa da kai ba littafi zai buɗe ba, kyama zai ji, kuma kai ka jawo.

Yanzu bari in zo inda nake ganin kai ne da laifi. Ka ce kana fita da shi da an idar da sallar asuba, kana bi ta gaban masallaci, ka ratsa ta wajen mai ƙosai. Haba ɗana. Lokacin nan tsofaffi ke fitowa da fararen kaya da carbi a hannu, ga yara da allunansu, ga awakin mutane an sake su. Kai ka san karenka ba ya cizo. Yarinyar da aka aika sayen koko ba ta sani ba, abin da ta gani dabba ce da ta fi bunsurun gidansu girma tana huci da harshe a waje. In ta zubar da kokon ta ruga ta faɗa kwata, wa uwarta za ta tsine wa? Ka jinkirta kaɗan har masallaci ya watse, ka bi ta bayan layi ka nufi inda gidaje suka yi ƙaranci, ka dawo kafin 'yan makaranta su cika hanya. Igiyar ta zama gajera, kare a gefenka, ba shi a gaba kai a baya kamar makaho da ɗan jagora ba. In ka hango mutum, kai za ka tsallaka ɗaya gefen, kai za ka fara sallama. In hanya ta zama dole ta cikin jama'a, ka sa masa takunkumi. Ka kuma riƙe leda a aljihu. Na san za a yi maka dariya ranar farko da aka ga kana kwashe kashin kare, amma ta fi a wayi gari an same shi a ƙofar gidan liman.

Kada kuma ka ce za ka mayar da fitar zuwa hantsi. Watan Maris da Afrilu a Bauchi zafi na kai wa digiri 40, kwalta tana ƙona tafin ƙafarsa, shi kuwa ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi, ga gashi kamar bargo. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwaltar, in ba za ka iya bari ba shi ma ba zai iya ba.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina shi ne allurar rigakafin haukan kare. Ina sabon malami a wani ƙauye, wani ɗalibina ɗan aji uku, kare ya cije shi a ƙauri. Ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aka kashe karen, aka ƙona gashinsa aka shafa a wurin kamar yadda aka saba, ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu ya fara zazzaɓi. Ina nan tsaye uwarsa ta miƙa masa moɗa, yana son sha, ƙishirwa na cinsa, amma da ya ga ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture hannunta yana kakari. Kwana huɗu ya yi. Har yau in na ga moɗa a bakin randa yakan faɗo mini. Haukan kare in ya bayyana a jiki babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, yara ne da yawa a ciki. Tsoron da mutanen layinku suke yi daga irin wannan ya samo asali, ba daga jahilci ba. Ana yi wa kwikwiyo rigakafin tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ga Vom nan kusa da Jos, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, ana haɗa allurar a can. Ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka adana katin kamar takardar fili. In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a wuce asibiti a ranar, kuɗin kuma daga aljihunka, ba tare da an roƙe ka ba.

Akwai kuma abin da ba za su faɗa maka a fuska ba. An ga kana shigo da buhun abincin kare daga kanti, an ji kuɗinsa. Mai gadin layinku nawa ne albashinsa? Almajirin da ke wanke maka kejin me yake ci? Rabin maganar najasa da kake ji, wannan ce a ƙarƙashinta. In naman da ke shiga kaskon kare bai taɓa shiga kwanon maƙwabci ba, duk hadisin da za ka jawo ba zai wanke ka ba.

Sunan da ka sa masa ma ka sake shi. Sunan mutum ne a wurin wasu, kuma kana da maƙwabta Kiristoci. Mu da habaici muke raɗa wa kare suna, ko da kamanninsa. Ka ce Zaki mana, tunda malam ya riga ya ambata.

Mahaifiyarka ka bar ni da ita, kada ka kai mata maganar mazhaba, za ta ce ka fara yi mata wa'azi. Ka dai ware masa kwanonsa da bokitinsa nesa da madafa, ranar da za ta zo ka kulle shi tun kafin ta sauka daga Keke Napep. Zan tuna mata wanda ya yi gadin masarar da aka yaye ta da kununta. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan biyo bayan masallaci, ka fito mini da katin allurar, ina kuma so in duba kunnuwansa ko da kaska. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata tuwon dawa nake so, ba shinkafa ba.

Kawunka.