Tambaya da Amsa: Me Ake Ji a Wannan Kiɗan Mai Hayaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a birnin Gilasgo da ke Sikotilan, kuma kwanan nan ya aiko mini da bidiyon wani wasa da ya halarta a wani ɗan ƙaramin zaure. Samari huɗu ne a kan dandali, uku da jita ɗaya da ganguna, jama'a kuma sai tsalle suke yi gumi na zuba. Ya ce ana kiran kiɗan indi pank rok, kuma wai babu abin da ya kai shi sa mutum rawa. Na saurara a wayata har sau uku, ban ji komai ba sai ƙara da ihu, kuma shi mawaƙin ma ba wata murya gare shi ba. Don Allah me suke ji a ciki? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da za mu gaya miki shi ne, a gaskiya rabin kiɗan kika ji, kuma rabin da ya fi ɗaci. 'Yar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka sai ta zubar da amon babbar ganga da na jitar nan mai kaurin murya da ake kira bas, ta bar miki ƙarajin ƙananan jitoci da tsawar farantan ƙarfe da ihun mawaƙi. Abubuwa biyun da ta zubar kuwa su ne suke ɗaga ƙafafun mutanen da kika gani. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2022, masu bincike a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada sun jarraba wannan a wani wasan kiɗan na'ura, inda suka riƙa kunna wasu lasifikoki masu sauti mai kaurin da kunne ba ya rarrabewa, suna kashewa, ba tare da masu rawa sun sani ba. Duk lokacin da aka kunna, motsin jama'a ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari. Irin wannan sauti a ƙirji da tafin ƙafa ake jin sa, kuma bidiyon waya ba ya ɗauko shi.

Sunan da ƙanenki ya faɗa kalmomi uku ne aka haɗa, kowace da tarihinta. Rok shi ne babban gidan, wato kiɗan jitar lantarki da ganguna. Pank kuwa tawaye ne da ya tashi a cikin gidan a tsakiyar shekarun 1970, a Niyok da Landan, lokacin da matasa suka gaji da manyan makaɗa masu jan waƙa ɗaya ta yi minti goma suna nuna gwanintar yatsu. Faifan farko na ƙungiyar Ramones, wanda ya fito a 1976, waƙoƙi 14 ne a cikin minti 29, kowace ta shigo a guje ta fita a guje. Ita kuma indi ba salon kiɗa ba ce tun asali. Gajarta ce ta kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai, wato fitar da faifai ba tare da an bi ta hannun manyan kamfanoni ba. A watan Janairun 1977 wasu samarin Manchesta, Buzzcocks, suka ranto kimanin fam 500 daga 'yan uwa da abokai, suka buga faifansu mai waƙa huɗu da kansu, har suka rubuta a bayan kwalinsa yadda aka naɗi kowace waƙa. Wanda duk ya riƙe faifan ya gane cewa shi ma zai iya, kuma ƙananan kamfanoni suka yi ta tsirowa har aka buɗe musu jadawalin ciniki nasu na daban a Birtaniya a 1980.

Sai dai pank na farko, duk da zafinsa, bai dace da rawa sosai ba. Gudunsa ya yi yawa, ba ya barin wa ƙugu lokacin juyawa, shi ya sa rawar da ta fito daga cikinsa tsalle ce kawai sama da ƙasa, hannuwa a manne da jiki. Abin da ƙanenki yake so ya samo asali ne daga waɗanda suka biyo baya, matasan da suka riƙe fushin pank amma kunnensu yana wajen disko da rege da kiɗan James Brown. Ƙungiyar Gang of Four ta birnin Leeds, wadda faifanta na farko ya fito a 1979, ita ce misalin da ya fi fitowa fili, kuma a wajenta za a ga dabarar da duk na baya suka gada.

Dabarar ita ce sauya wa kayan kiɗa aiki. A rok na gargajiya jita ce sarauniya, ita ke ɗauke da karin waƙa, bas da ganguna suna biye da ita kamar 'yan rakiya. A nan kuwa an juya lamarin. Bas ce ke jan kari, tana maimaita ɗan gajeren zance guda ba ta gajiya. Babbar ganga, wadda ake bugawa da ƙafa, tana sauka a kan kowane taki daidai wa daida, sau huɗu a kowane zagaye, kamar yadda ake yi a disko, faranti kuma yana shiga a tsakanin bugu da bugu. Ita jita an mai da ita wata ganga ce ta daban: makaɗin ya sare ta sara ɗaya, ya danne tsirkiyar nan take, ya yi shiru, sannan ya sake sara a inda ba ki zata ba. Wannan shirun da ke tsakanin sara da sara, a ganinmu, shi ne sirrin abin baki ɗaya, domin kunne yana jiran bugu a wani wuri, sai aka bar wurin fanko, jiki kuma ya cike shi da kansa da ɗaga kafaɗa ko buga ƙafa. Kiɗan da ya cika ko'ina ba ya barin wa mai saurare aikin yi, wanda kuma ya rikice da yawa sai ƙafa ta rasa inda za ta sauka; gwanayen wannan salo a tsakiya suke tsayawa, ganga tana riƙe da ke, jita tana tsokanar ki.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wani ɓangare na wannan tunani daga Legas ya tafi. Ƙungiyar Talking Heads ta Niyok, wadda ta taso a dandali ɗaya da Ramones, ta gina faifanta na 1980 a kan abin da mambobinta da mai tsara musu sauti, Brian Eno, suka koya daga sauraren Fela Kuti, shahararren mawaƙin Legas, wato a ba kowane abin kiɗa ɗan guntun zance ya yi ta nanatawa har guntayen su saƙu su zama abu ɗaya.

Salon ya ɗan kwanta, sannan ya sake tashi a farkon shekarun 2000, lokacin da ƙaramin kamfanin DFA na Niyok ya fara fitar da faya-fayan jita waɗanda gidajen rawa suke sawa, ana kaɗa wani ƙarfe a cikinsu mai amo irin na kuge. Birnin da ƙanenki yake zaune yana da nasa kason a nan, domin Franz Ferdinand 'yan Gilasgo ne, kuma faifansu na 2004 ya ci kyautar Mercury, wata babbar kyautar waƙa ta Birtaniya, a wannan shekarar. Waƙarsu da ta fi shahara tana da wani abin mamaki da ya tabbatar da abin da muke faɗa: ta fara da sauri, sai wajen minti ɗaya da farawa ta rage gudu, ta koma taku mai nauyi, kuma a daidai inda ta rage gudun ne zaure yake kaurewa da rawa. Shekara guda bayan haka Bloc Party ta Landan ta fitar da nata faifan, mawaƙinta kuwa, Kele Okereke, iyayensa Ibo ne daga Najeriya.

Batun murya kuma, gaskiyarki, yawancinsu ba su da zaƙin murya, kuma ba ma nemansa suke yi ba. Mawaƙin da muryarsa ta yi kama da ta kowa yana gayyatar kowa ne ya shigo, shi ya sa amshin yakan zama 'yan kalmomi kaɗan da mutum zai kama tun a zagaye na biyu. Ki sake duba bidiyon, za ki ga dandalin bai wuce gwiwa ba a tsayi, na gaba suna iya taɓa takalmin mai jita, kuma da yawa daga cikin masu tsallen su ma suna da tasu ƙungiyar da ke atisaye a gareji. Ga ɗalibin da ya yini a ɗakin karatu cikin sanyi da duhun hunturun Sikotilan, ya shiga ɗaki mai ɗumi inda mutum ɗari suke ihu da baki ɗaya, ba sai an yi dogon bayani ba. Ba mu ce duka abin yabo ba ne. Bayan nasarar waɗancan ƙungiyoyi an samu ɗaruruwan masu kwaikwayo da suka ɗauki bugun suka bar ran, kuma mai yiwuwa ne waɗanda ƙanenki ya ɗauka suna cikinsu.

Idan kina son ƙofar shiga mafi kusa da gida, nemi Mdou Moctar, Buzun ƙasar Nijar wanda a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka yaɗu ta katin waya, daga baya kamfanin indi na Matador da ke Niyok ya fitar da faifansa a 2021. Kiɗansa ba pank ba ne, salon kiɗan Sahara da ake kira takamba da asuf ne tushensa, amma masu sauraren pank na Turai da Amurka ne suke cika masa zaure, saboda gudun da ganga take ƙarawa a hankali har jita ta kama wuta. Ki sa abin saurare mai rufe kunne ko babbar lasifika, ki manta da mawaƙi a karo na farko, ki bi bas kawai.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina zuwa irin wannan wasa a nan Landan, kuma duk lokacin da na dawo kunnena yana ƙugi har washegari. Akwai matsala? (Wani mai karatu daga Landan)

Amsa: Akwai, Malam. Ƙugin alama ce ta cewa ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne sun wahala, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙarar wurin wasa ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 a cikin kowane minti 15, ƙananan zaurukan pank kuwa sukan kai wannan iyaka. Ka sayi abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda yake rage ƙarfin sauti ba tare da ya dusashe shi ba, ka guji tsayawa dab da lasifika, kuma ka riƙa fita waje kana hutar da kunne tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Idan ƙugin ya wuce kwana biyu bai tafi ba, ko ka ji jinka ya ragu farat ɗaya, ka ga likitan kunne ba tare da jinkiri ba.